Sai an Gwada Akan San na Ƙwarai: Yadda Ake Auna Amfanin Maganin Ciwon Daji

Ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara ko kansa, ciwo ne da ke cin jiki, ya kuma ci dukiyar gida. A Maradi da kewayenta, iyalin da wannan ciwo ya shigar musu gida sukan sayar da bisashe, wani lokaci har da gona, domin su kai majinyaci Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600. A can ne cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji take, a can ne kuma aka fara gashin ƙari da na'ura a shekarar 2021. Kafin ku kwance tunkiyar ƙarshe daga turke, ya kamata ku san abin da ake nufi idan an ce magani "yana aiki". Wannan kalma tana da ma'ana fiye da ɗaya a bakin likitoci, kuma ba kowace ce ke nufin warkewa ba.

Awo ba ya yiwuwa sai da abin kwatanci

A ce an ba wani manomin Jiratawa sabon irin gero, ya shuka, ya sami dami fiye da na bara. Shin irin ne ya yi kyau? Mai yiwuwa ne. Amma mai yiwuwa ne kuma damina ce ta yi albarka, ko ya ƙara taki, ko tsuntsaye ba su sauka ba a bana. Shi ya sa masu binciken noma na INRAN a Tarna, nan kusa da Maradi, suke shuka sabon iri da tsohon iri gefe da gefe, a ƙasa ɗaya, a damina ɗaya. Idan an yi girbi sai a auna kowanne. Bambancin da aka gani, na irin ne.

Haka yake ga magani. Idan an ba majinyaci magani ya sami sauƙi, ba a sani ba ko maganin ne, ko fiɗar da aka yi masa, ko ƙarfin jikinsa, ko kuwa ciwon nasa ne mai tafiya a hankali. Saboda haka ake tara majinyata masu ciwo iri ɗaya a raba su gida biyu. Gida ɗaya a ba su sabon magani, ɗayan a ba su maganin da aka saba. Sa'an nan a bi su wata da watanni, ana rubuta abin da ya sami kowannensu.

To, wa zai shiga wane gida? Nan ne gizo ke saƙar. Idan aka bar wa likita zaɓi, ko da zuciyarsa fari ce, zai iya karkata ya ba masu sauran ƙarfi sabon maganin, domin yana ganin su ne za su iya ɗaukarsa. A ƙarshe sai a ce maganin ya yi aiki, alhali kuwa tun farko an sa masa ƙasa mai kyau ne, an bar wa tsohon magani fako. Maganin wannan matsala shi ne ƙuri'a. Ba likita ne ke zaɓa ba, ba majinyaci ba. A yau kwamfuta ce ke jefa ƙuri'ar. Gwajin da ya shahara da kafa wannan hanya an buga sakamakonsa a Ingila a 1948, a kan masu tarin fuka su 107. An ba 55 allurar streptomycin, 52 kuma aka bar su da hutu a gado, wanda shi ne jinyar wancan zamani. Bayan wata 6, mutum 4 ne suka rasu cikin masu allura, 14 cikin na hutu. Daga nan hanyar ta bazu a duniya.

An yi irin wannan gwaji a ƙasarmu

Kada ku ɗauka wannan aikin Turai ne kawai. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana da reshen bincike mai suna Epicentre, wanda ke da cibiya a Maradi, kuma an yi manyan gwaje-gwaje a gundumar Madarunfa, wadda Jiratawa ke cikinta. Ba na ciwon daji ba ne, amma lissafinsu ɗaya ne, kuma ya fi sauƙin ganewa.

A 2014 da 2015 an gwada rigakafin wata cutar gudawa mai kashe jarirai, wadda ƙwayarta ake kira rota. An raba jarirai ta hanyar ƙuri'a. Waɗansu an ɗiga musu rigakafin a baki, waɗansu an ɗiga musu wani ruwa mai kama da shi wanda babu magani a ciki. Uwa ba ta san wanne aka ba ɗanta ba, ma'aikacin da ke duba yaron shi ma bai sani ba, don kada zato ya shiga cikin rubutu. Da aka ƙirga jarirai 3,508, gidajen biyu kusan kai ɗaya, sai aka sami gudawa mai tsanani 87 a gidan da ba rigakafi, 31 a gidan da aka yi rigakafi. Watau cikin kowace gudawa uku mai tsanani, rigakafin ya tare biyu. An buga wannan sakamako a 2017, a shekarar da ta biyo kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da rigakafin.

Gwaji na biyu ya fi koya mana darasi. A 2012 da 2013, a Madarunfa ɗin dai, an tambaya: shin ba kowane yaro mai tamowa maganin amoxicillin, kamar yadda aka saba, yana ƙara yawan masu murmurewa? Cikin yara 2,399, kusan 66 cikin 100 na masu shan maganin suka murmure, kusan 63 cikin 100 na waɗanda ba su sha ba. Masu lissafi suka ce wannan ɗan bambanci bai fi abin da sa'a kaɗai za ta iya kawowa ba. Amma da aka duba yawan yaran da sai da aka kwantar da su a asibiti, sai aka ga masu shan maganin sun fi ƙaranci. Magani ɗaya, yara ɗaya, amsa biyu. Amsar tana bin abin da aka zaɓa a auna. Ku riƙe wannan, domin a ciwon daji shi ne kan magana.

Me ake aunawa a ciwon daji?

Sabon maganin ciwon daji yakan bi matakai uku a jikin mutane. A na farko ana ba mutane kaɗan, ƴan gomomi, don a gane yawan da jiki zai iya ɗauka. A na biyu ana duba ko yana taɓa ciwon ma. A na uku ne ake yin ƙuri'a da ɗaruruwa ko dubban majinyata. A nan ba a barin majinyaci hannu wofi idan akwai maganin da aka san yana amfani. Da wannan maganin ake gwada sabon. Mafi yawan magunguna suna faɗuwa a hanya: cikin goma da aka fara gwadawa a jikin mutane, wanda ke kaiwa kantin magani bai cika ɗaya ba.

Awo mafi sauri shi ne girman ƙari. Ana ɗaukar hoton cikin jiki kafin magani da bayansa, a auna faɗin ƙarin da santimita. Bisa ƙa'idar da likitocin duniya suka yarda da ita tun shekarar 2000, idan faɗin ya ragu da kashi 30 cikin 100 ko fiye, sai a ce ciwon ya "amsa" magani. Ƙari mai santimita 10 da ya koma 7 ya amsa ke nan. Idan kuwa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, ko wani sabo ya fito a wani wuri, sai a ce ciwon ya ci gaba. Ku lura, ƙari mai santimita 7 har yanzu ƙari ne. Idan kun ji an ce majinyata 40 cikin 100 sun amsa magani, ba a ce 40 sun warke ba.

Awo na biyu shi ne tsawon lokacin da ciwon ya yi a tsaye bai ci gaba ba. Na uku, wanda ya fi su nauyi duka, shi ne tsawon ran majinyaci: daga ranar ƙuri'a, wata nawa ko shekara nawa ya rayu. Wannan ba ya bukatar fassarar hoto, ba kuma a gardama a kansa. Sai dai yana ɗaukar shekaru kafin a same shi, yana kuma cin kuɗi, shi ya sa kamfanonin magani suka fi son awon biyu na farko.

Mutum zai ɗauka cewa idan ƙari ya ragu, ko ya daɗe a tsaye, lalle rai zai ƙara tsawo. Sau da yawa haka ne, amma ba kullum ba. Manomi ya san gero yakan yi tsawo da ganye kore shar, zangarniya kuwa ta fito babu ƙwaya. Ga misali na gaskiya. An gwada wani magani mai suna Avastin a Amurka a kan mata 722 masu ciwon dajin nono da ya riga ya bazu. Waɗanda aka ƙara musu shi, ciwonsu ya yi wata 12 saura kaɗan a tsaye. Sauran kuwa wata 6 saura kaɗan. Ninki biyu ke nan, sai murna. A 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izinin amfani da shi a wannan ciwo. Amma tsawon ran matan gidajen biyu kusan ɗaya ne, wajen wata 27 da wata 25, bambancin da masu lissafi ba su yarda ya wuce sa'a ba. Ga kuma hawan jini da zubar jini da maganin ke jawo wa waɗansu. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su nuna ƙarin kwana ba, a 2011 kuwa Amurka ta janye izinin a kan ciwon nono, ko da yake ana amfani da shi a waɗansu ciwace-ciwacen daji.

Ba Avastin kaɗai ba ne. Waɗansu masu bincike sun bi diddigin magungunan ciwon daji da hukumar Turai ta yarda da su daga 2009 zuwa 2013, suka buga abin da suka gani a 2017. Cikin izini 68 da aka bayar, 39 sun shiga kasuwa ba tare da shaidar cewa suna tsawaita rai ko suna kyautata zaman majinyaci ba.

Kyautata zaman majinyaci shi ma awo ne, kuma a ganina an daɗe ba a ba shi haƙƙinsa ba. Ana tambayar majinyaci da kansa: yaya zafi? Kana iya cin abinci? Kina iya barci? Kina iya tashi ki yi alwala ba a riƙe ki ba? Maganin da bai ƙara kwana ko ɗaya ba, amma ya rage raɗaɗi har mutum ya zauna a tabarma cikin ƴaƴansa, yana da amfani na gaske. Wanda ya ƙara mako biyu kuwa, aka kwashe makonnin ana amai a gadon asibiti nesa da gida, wannan sai majinyaci da iyalinsa su auna da kansu.

Mutumin tsakiyar layi

Idan masu gwaji suka ce majinyata sun rayu wata 8, ba suna nufin kowa ya yi wata 8 ba. Ga yadda ake lissafin. Ku ɗauka akwai majinyata 11. A jera su a layi, daga wanda ya fi saurin rasuwa zuwa wanda ya fi daɗewa. Na shida shi ne na tsakiya: biyar a gabansa, biyar a bayansa. Kwanakinsa ne ake faɗa. Rabin mutanen ba su kai haka ba, rabi kuma sun wuce, waɗansu ma sun wuce da nisa. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Stephen Jay Gould, an gano masa wani mugun ciwon daji a ciki a 1982, ya karanta cewa na tsakiyar layi wata 8 yake yi. Ya rayu shekara 20 bayan haka, wani ciwon daji dabam ne ya yi ajalinsa a 2002. Lissafin yana faɗin halin taron jama'a ne. Kwanan mutum ɗaya Allah kaɗai ya san shi, likita na ƙwarai kuma ba zai yanke muku rana ba.

Amfanin wannan lissafi shi ne gwada gida da gida. A nan kuma sai ku tambayi girman bambancin, domin kalmar "ya fi" ba ta da mudu. A wani gwaji da aka buga a 2007, an ƙara maganin erlotinib ga masu ciwon dajin wata gaɓa da ke bayan tumbi, su 569. Na tsakiyar masu sabon magani ya yi kamar wata 6 da mako ɗaya. Na tsakiyar ɗaya gidan ya yi wata 6 saura kamar kwana 3. Bambancin wajen kwana 10 ne. Masu lissafi sun tabbatar ba sa'a ba ce, kuma an ba maganin izini. Gaskiya ne yana aiki. Amma wanda zai sayar da gonar gado saboda shi, ya cancanci a gaya masa cewa kwana goma ake magana. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin magungunan da take ganin kowace ƙasa ta wajaba ta tanada, kuma tun 2019 ma'auninta ga maganin ciwon daji shi ne ya ƙara aƙalla wata 4 zuwa 6 a tsawon rai kafin a dube shi.

Akwai wata dabarar magana da ya kamata ku gane. Idan aka ce magani "ya rage dawowar ciwo da rabi", ku tambaya: rabin nawa? Idan da mutum 40 cikin 100 ne ciwon ke dawo musu, yanzu 20, to an ceci mutum 20. Idan kuwa da 4 ne cikin 100, yanzu 2, nan ma rabi ne, amma mutum 2 aka ceta, sauran 98 sun sha maganin ne da wahalarsa ba tare da ya sauya musu kome ba. Rabin buhu da rabin tiya duka rabi ne.

Magungunan da awo ya tabbatar

Kada wannan bayani ya sa ku yanke ƙauna daga maganin asibiti. Awon da ya tona ƙarancin amfanin waɗansu, shi ne ya tabbatar da girman amfanin waɗansu.

Tamoxifen ƙwaya ce mai araha da ake sha kullum. Masana a Oxford ta Ingila sun haɗa sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, na dubban mata da aka yi wa fiɗar ciwon nono, suka ga cewa shan ta shekara 5 yana rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara 15. Sai dai tana aiki ne kawai a kan nau'in ciwon da ke girma da sinadarin jikin mace. Ba a gane wannan nau'i da ido, sai an yanki ɗan naman ƙarin an kai ɗakin bincike. Idan likita ya ce a yi wannan gwajin nama, ba ɓata kuɗi ba ne. Shi ke nuna maganin da zai dace da wanda zai zama asara. Haka kuma imatinib, wanda ya fito a 2001 don wani nau'in ciwon dajin jini: a babban gwajinsa, wajen 83 cikin 100 na masu shansa suna raye bayan shekara 10, a ciwon da a da yake kashe mafi yawan masu shi cikin ƴan shekaru.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne wani ciwon daji na yara, wanda ke kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin ƴan makonni, ya fi kuma yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Wani likita mai suna Denis Burkitt ne ya bayyana shi a Yuganda a 1958, ake kuma kiran ciwon da sunansa. A shekarun 1960, likitoci a Kampala da Nairobi da Ibadan suka ga ƙarin yana narkewa da allurar magani, waɗansu yaran kuma suna warkewa sarai. Ɗaya daga cikin likitocin, Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, ya sami babbar lambar yabo ta Lasker a 1972 saboda wannan aiki. A ciwo irin wannan, awon da ake yi shi ne yara nawa ne suke raye babu ciwo bayan shekara ɗaya ko biyu, domin idan bai dawo a wannan tsakani ba, da wuya ya dawo.

Abin da aka auna a can, da abin da zai faru a nan

A Faransa, wajen yara 9 cikin 10 masu ciwon Burkitt suna warkewa, da magunguna masu ƙarfi ƙwarai. Me ya hana a kwaso wannan tsari a kawo nan yadda yake? Magani mai ƙarfi yana karya garkuwar jiki na ɗan lokaci. Yaron da ke Paris yana da jinin ƙari a ajiye, da maganin ƙwayoyin cuta, da ɗaki mai tsabta, ga shi kuma ba ya fama da tamowa. Inda babu waɗannan, maganin da kansa yana iya kashe yaron kafin ciwon. Saboda haka wata ƙungiyar likitocin yara ta Faransa da Afirka, GFAOP, wadda aka kafa a 2000, ta gwada tsari mai sauƙi a asibitocin ƙasashenmu. Da tsarin da ya ginu a kan maganin cyclophosphamide, kusan rabin yaran suka rayu. Rabi bai kai tara cikin goma ba, amma awo ne na gaskiya da aka yi a kan yara irin namu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba. A 2018 ta sa burin a kai 60 cikin 100 kafin 2030.

Babban abin da ke rage wannan adadi a wajenmu, ban da zuwa asibiti a makare, shi ne yanke jinya. An yi allura biyu, kumburi ya sace, uba ya ga ɗansa yana wasa, ga shuka ta zo, ga kuɗin mota sun ƙare, sai a koma Tibiri ba a sake dawowa ba. Kun riga kun san abin da wannan ke nufi: ciwon ya amsa, bai warke ba. Adadin da aka samu a gwaji na waɗanda suka kammala zagayen maganin ne, ko aƙalla suka tsaya hannun likita. Wanda ya tsaya a rabin hanya ba shi da rabin amfanin. Sau da yawa ciwon yakan dawo da taurin kai fiye da na farko. Idan kuɗi ne matsalar, ku faɗa wa likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibitin tun ranar farko, kada ku ɓace shiru.

Mai magani a kasuwa, da mai magani a jami'a

A ranar kasuwa kukan ji mai lasifika yana cewa garinsa ya warkar da ciwon daji, har ya kawo mutum ya ba da shaida. Ba a raina itace ba. Vincristine, ɗaya daga cikin magungunan da ke warkar da yara a yau, daga wani fure na tsibirin Madagaska aka samo shi. Amma sai da aka auna shi. Mai lasifika ba ya faɗin mutum nawa suka saya, nawa suka rasu, ko an taɓa tabbatar da cewa kumburin mai shaidar ciwon daji ne ba maruru ba. Waɗanda suka rasu ba sa zuwa kasuwa su ba da tasu shaidar.

Mai farar riga shi ma ba a karɓar maganarsa don rigarsa. A shekarun 1990, dubban mata a Amurka sun sha wata jinya mai tsananin wahala da tsada don ciwon nono: magani mai yawan gaske, sa'an nan dashen ɓargo. Shaida mafi ƙarfi a kanta ta fito ne daga wani farfesa a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, Werner Bezwoda. A 2000 masu bincike suka je suka nemi takardun majinyatansa, suka tarar abin da ya bayar ba gaskiya ba ne, jami'arsa ta kore shi. Sauran gwaje-gwajen ƙuri'a sun nuna jinyar ba ta fi ta yau da kullum ƙara kwana ba. Shi ya sa ba a dogara da gwaji ɗaya, sai wasu sun maimaita a wani wuri sun sami abin da ya yi kama.

Idan aka gayyace ku shiga gwaji

Mutanen ƙasar Hausa suna da dalilin yin taka-tsantsan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, 5 cikin masu sabon maganin, 6 cikin masu wanda aka gwada shi da shi. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 na Amurka. Abin da aka yi ta shari'a a kansa shi ne izinin iyaye, kuma ƙa'idar izini ta girmi wannan lamari: tun 1964 ƙungiyar likitocin duniya ta rubuta ta a birnin Helsinki.

Bisa wannan ƙa'ida, dole kwamitin ɗa'a na ƙasa ya duba gwajin kafin a fara. Dole a gaya muku da Hausa cewa gwaji ne, da abin da ake nema a gano, da illar da aka sani, da cewa ƙuri'a ce za ta zaɓi gidanku. Kuna da ikon ku ce a'a, kuma ƙin yardarku ba zai sa a hana ku jinyar da aka saba ba. Kuna da ikon ku fita a tsakiya. Idan karatunku bai kai ga takardar ba tukuna, ku zo da wanda kuka amince da shi, wanda ba ma'aikacin gwajin ba, ya karanta muku ita tun daga farko har ƙarshe kafin ku dangwala yatsa. Idan mace ce majinyaciyar, shawara da maigida da dangi abu ne mai kyau, amma yardar da ake rubutawa tata ce.

Ko babu gwaji, ranar da likita ya rubuta muku maganin ciwon daji, ku tambaye shi cikin ladabi: "Likita, wannan magani don warkarwa ne, ko don ƙara kwana, ko don rage zafi?" Dukan ukun manufa ce ta halal, amma kuɗin da iyali zai zuba da nisan da zai yi ba ɗaya ba ne. Ku tambayi zagaye nawa ne, da kuɗin dukansu a haɗe, ba na farko kaɗai ba. Ku tambaya, cikin mutum 100 masu ciwo irin wannan a wannan mataki, nawa ne maganin ke taimaka wa. Ku riƙe ƙaramin littafi ku rubuta amsar da ranar komawa, ko ku sa ɗanku ya rubuta, domin a gaban likita mutum yakan ji magana ya fito bai riƙe rabinta ba.